Siraran Bututun Kabon da Amfanin Tazara a Tsakaninsu

Zuwa ga hakimai da malamansu. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. To, ga wani wuri inda yawa ke rage ƙarfi, ya kamata kuwa a fahimci dalili, domin aikin ya shafi na'urar ɗaukar hoto ta asibiti.

1. Yadda lantarki ke fita daga ƙarfe

A cikin kowane ƙarfe akwai ƙwayoyin lantarki ƙanana ƙwarai, waɗanda masana ke kira elektiron. Hanya biyu ake fitar da su. Ta fari ita ce zafi, watau a gasa siririyar waya har ta yi ja, kamar yadda ake yi cikin kwalaben rediyo na da. Ta biyu kuwa ba wuta, sai a sa ƙarfin lantarki mai tsanani ya fizgo su alhali ƙarfen yana da sanyi. Fowler da Nordheim ne suka bayyana lissafin wannan a Ingila cikin 1928. Wahalar ita ce ana bukatar ƙarfin da ya kai bolt biliyan kaɗan a kowace mita.

2. Amfanin tsini

Ƙarfin lantarki yakan taru a kan tsini, shi ya sa ake kafa sandar ƙarfe mai tsini bisa dogon gini saboda aradu. Cikin 1991 Sumio Iijima na ƙasar Japan ya ba da bayanin waɗansu bututu na kabon, watau sinadarin gawayi, waɗanda suka fi gashin kai siranta sau dubbai. Ana awonsu da nanomita, kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ke nan. In an raba tsawon bututu da rabin kaurinsa, za a sami kimanin yadda yake ninka ƙarfi a bakinsa. Ga misali: mai tsawon nanomita 5,000 da kaurin nanomita 10 zai ninka ƙarfi wajen sau 1,000. Cikin 1995 de Heer da abokan aikinsa a Suwizalan suka nuna lalle shimfiɗar irin bututun nan tana fitar da elektiron.

3. Illar cunkoso

Sai aka zaci in an cika faranti da bututu maƙil, lantarkin zai ƙaru. Ba haka abin ya zama ba. In sun matsu, bakunansu sukan zama tamkar shimfiɗaɗɗen ƙarfe guda, kowanne ya tare wa maƙwabcinsa ƙarfin, tsinin ya rasa amfani. Manomi ya san irin wannan, gama geron da ba a rage ba yakan yi wa juna inuwa, zangarniya ta ƙanƙance. Cikin 2000 Nilsson da abokansa, su ma a Suwizalan, suka auna, suka ga tazarar da ta fi kyau ita ce wajen ninki biyu na tsawon bututun. Ga misalinmu na sama, nanomita 10,000 ke nan. In an wuce haka da yawa kuma, bututun sun yi kaɗan, lantarki ya ragu. Haka nan in tsawonsu bai daidaita ba, dogayen ne kaɗai ke ɗaukar nauyin, har su yi zafi su ƙone.

4. Abin da ya shafe mu

Na'urar hoton ƙirji da ƙashi tana aiki ne da elektiron da ake harbawa kan ƙarfe. Wadda aka yi da bututun kabon ba ta jiran waya ta yi zafi, tana kamawa nan take, an kuma ƙera waɗansu marasa nauyi da ake turawa har bakin gadon majiyyaci. Ingancinta kuwa ya dogara ga tazara da daidaiton tsawon bututun.

Tambayoyi

(a) Faɗi hanyoyi biyu na fitar da elektiron.
(b) In tsawon bututu nanomita 2,000 ne, wace tazara ta dace?

Sai malamai su karanta wannan ga jama'a, su kuma bayyana musu misalin gero.