Zagin Da Ba Daga Zuciya Ya Fito Ba

A ƙasar Haɗejia, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a ɗaukar zagi da wasa. Yaron da ya yi ashar a gaban manya ba shi kaɗai za a zarga ba, har iyayensa sai an ce ba su ba shi tarbiyya ba. Amma kuma mun san ba kalmar ce kaɗai take mai da magana zagi ba. Abin da kaka za ta faɗa wa jikanta, ko taubashi ya faɗa wa taubashinsa a yi dariya a wuce, in baƙo ya faɗe shi a tasha ko a kasuwar kifi sai an kai ga rabon faɗa. Wato niyya ake dubawa. To, a wannan darasi za mu duba wani ciwo da yakan sa zagi ya fita daga bakin mutum ba tare da niyya ko kaɗan ba.

Likitoci suna kiransa ciwon Turet, da sunan wani likita ɗan Faransa, Georges Gilles de la Tourette, wanda a shekarar 1885 ya rubuta bayanin mutum 9 masu ciwon, yana aiki a ƙarƙashin malaminsa Charcot a birnin Faris. Ɗaya daga cikin taran wata mace ce 'yar gidan sarauta, wadda likita Itard ya fara ba da labarinta tun 1825. Abin ya kama ta tun tana shekara 7, kuma duk da iliminta da matsayinta, sai ta riƙa sakin munanan kalmomi a tsakiyar hira da manyan baƙi.

Asalin ciwon dai ba zagi ba ne. Abin da muke iya kira motsin dole ne: yawan ƙifta ido, girgiza kai, ɗaga kafaɗa, yamutsa fuska. Akwai kuma na murya, kamar gyaran murya, jan hanci, tari ko ƙara. Yara da yawa, wajen 1 cikin 5, sukan yi irin wannan na 'yan watanni ya wuce. Sai an sami motsin jiki iri-iri haɗe da na murya, sun wuce shekara guda, kuma sun fara kafin shekara 18, sannan ake cewa Turet ne. Yakan soma tsakanin shekara 4 zuwa 6, ya yi tsanani wajen 10 zuwa 12, sannan ya lafa wa mafi yawansu bayan sun balaga. Maza sun fi mata kamuwa sau uku ko huɗu, kuma yana bin jini. Matsalar tana cikin wani sashe na ƙwaƙwalwa da aikinsa shi ne tace motsi, ya bar wanda ake so ya danne wanda ba a so.

Ya ku ɗalibai, ku lura da wannan: cikin mutum 10 masu ciwon Turet, wajen 1 ne kawai yake zagi. Sauran ba su taɓa yi ba. Masu son ƙwallo a cikinmu sun san Tim Howard, ɗan Amurka da ya tsare gida wa Manchester United daga 2003, daga baya Everton. Yana da ciwon tun yana yaro, bai kuwa hana shi kama ƙwallo ba.

Ga wanda nasa ya zo da zagi, abin da yake ɗaure wa mutane kai shi ne yadda kalmar take dacewa da wurin da bai kamata ba. Za a ce, in ba da gangan ba ne, me ya sa sai a gaban Shugaban Makaranta, ko lokacin da aka yi shiru ana addu'a? Amsar ita ce, kalmar da mutum ya fi tsoron faɗa ita ce ta fi matsa masa. Masu ciwon suna kwatanta shi da atishawa: mutum yana jin ta tafe, yana iya danne ta na ɗan lokaci da wahala, amma sai ta fita. Wani ma da hannu nasa yake zuwa, sai a ga ya yi daƙuwa. Saboda haka abin da ya fito ba abin da yake ransa ba ne, sau da yawa ma shi ne abin da ya fi ƙyama.

Wani ɗan Sikotlan, John Davidson, ya sha wannan wahala. A 1989 gidan talabijin na BBC ya nuna rayuwarsa yana saurayi, a 2019 kuma Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar girma saboda wayar da kan jama'a. Duk da haka, a watan Fabrairu 2026, a bikin raba lambobin fina-finai na BAFTA a Landan, kalmar wulaƙanci ga baƙar fata ta kuɓuce masa daidai lokacin da 'yan wasa biyu baƙaƙe suke kan dandamali. Aka yi ta cece-kuce. A ganinmu zafin da masu ji suka ji gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba. Amma jin zafi daban, samun mutum da laifi daban.

A nan gida, in aka ga yaro yana fizge-fizge ko yana sakin magana, fassara uku muka saba yi: ko a ce iskanci ne a ɗauko bulala, ko a ce iskoki ne ko jifa, ko a ce taɓin hankali ne. Musulmi da Kirista duk mukan faɗa cikin wannan. Ba mu ce kada a yi addu'a ba, amma a yi wa yaro ita a matsayin marar lafiya, ba a tsayar da shi gaban jama'a ana korar aljani ba. Hankalinsa kalau yake, ƙoƙarinsa a aji ba ya raguwa saboda ciwon. Bulala kuwa ƙara abin take yi, domin tsoro, gajiya da zuba wa yaro ido duk suna tsananta motsin. Ko yawan cewa "daina" ma yana ƙara shi. In ya nutsu cikin abin da yake so, kamar waƙa ko ƙwallo, sau da yawa sai a ga ya lafa.

Akwai dalilin da ya sa ganin likita ya zama dole musamman a yankinmu na fadama. Ba kowane fizge-fizge ne Turet ba. Mai farfaɗiya yakan fita hayyacinsa, kuma ga yaron da yake shiga kwalekwale ko su a kogin Haɗejia, ko a ƙauyukan Guri da Kirikasamma lokacin ambaliya, wannan batun rai ne. Mai motsin dole ba ya fita hayyacinsa. Akwai kuma wata rawar gaɓoɓi da takan biyo bayan ciwon maƙogwaro, wadda take buƙatar a duba zuciya. Ido kaɗai ba zai raba su ba.

Za a iya farawa daga Babban Asibitin Haɗejia, in da buƙata a tura yaro Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Yawancin yara ba sa buƙatar magani, sai bayani ga iyaye da malamai. Akwai horon da ake koya wa yaro ya gane motsin yana tafe, ya yi wani motsi da zai tare shi. In abin ya yi tsanani akwai magunguna irin su haloperidol, amma suna da illa, kada a saya a kemis ba da takardar likita ba. A aji kuwa, a ba yaro wurin zama kusa da ƙofa, a yarda ya fita na 'yan mintoci in abin ya matsa masa, a kuma yi wa 'yan ajinsu da masu horo bayani, bayan an nemi yardarsa.