Nawa Zan Sayar Da Shafina Na Intanet?

Wani mai sauraronmu daga Ƙaura Namoda ya ce yana da shafin intanet da yake tallata hajar 'yan kasuwar Shinkafi da Zurmi, yana so ya sayar, amma bai san kuɗin da zai yanka ba.

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Mai saye ba wahalar da ka sha zai biya ba, ribar da shafin ke kawowa zai duba. A manyan kasuwanni irin su Flippa da Empire Flippers, galibi ana ninka ribar wata ɗaya sau 20 zuwa 40. Don haka ka tattaro takardar shigar kuɗi ta banki ta shekara guda, da adadin masu leƙa shafin. Idan an ga giɓi saboda ɗaukewar sabis, kamar yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, ka faɗa da bakinka tun kafin a tambaye ka.

Ni dai shawarata, fara neman mai saye a gida. Babban ɗan kasuwar da ya saba ba ka talla ya fi baƙo sanin darajar shafin. Ka tuntuɓe shi bayan kaka, lokacin da kuɗi ke hannu, kuma cinikin shafin na hawa, ba ya sauka.

Don Allah kada ka miƙa lambar sirri sai kuɗi sun shiga asusunka, ka gani da idonka. Hoton alat na bogi ya yi yawa. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, sannan a mayar da rajistar sunan shafin ga sabon mai shi.