Yadda Kwamfuta Take Ƙera Duwatsu

Duk wanda ya taɓa zana dutse ya san inda wahalar take. In ka yi shi da miƙaƙƙun layuka, sai ya fito kamar jinkar ɗaki. Dutse na gaskiya kuwa yana da wata sifa: ka ɓallo ɗan guntu daga jikinsa, ka kawo shi dab da ido, za ka ga ƙunƙumai da kwazazzabai irin na babban dutsen. Masanin lissafi Benoit Mandelbrot ya raɗa wa irin waɗannan siffofi suna firaktal a shekarar 1975, wato siffar da ɓangarenta ke kama da gaba ɗayanta. Mu masu nazarin halittu mun daɗe da saninta a huhun ɗan Adam, inda hanyar iska take rabuwa gida biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, har kusan sau 23.

Loren Carpenter, ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing a Amurka, ya karanta littafin Mandelbrot, ya kuwa juya shi zuwa hoto. Ya fara da alwatika guda, ya nemo tsakiyar kowane gefe, ya ɗaga ta ko ya sauke ta gwargwadon abin da ƙuri'a ta ba shi, sannan ya haɗa ɗigogin uku. Alwatika ɗaya ta zama 4. Aka maimaita, suka zama 16. A zagaye na 10 sun kai 1,048,576, kuma idan aka haska musu rana ta gefe guda, ido ba ya ganin komai sai tsauni. A 1980 ya nuna fim ɗinsa na minti biyu, Vol Libre, wanda ya sama masa aiki a kamfanin Lucasfilm.

Malamai na iya gwada wannan a aji ba tare da kwamfuta ba. A ja layi mai tsawon santimita 16, a jefa kwabo. In ya faɗi ta fuska, a ɗaga tsakiyar layin da santimita 4, in ta baya, a sauke ta. A yi wa kowane rabi haka da santimita 2, sannan 1, sannan rabin santimita. Rage tazarar nan a kowane zagaye shi ne ginshiƙin aikin: ɗalibin da bai rage ba, haƙoran zarto zai samu. Babu kuma ɗalibai biyu da dutsensu zai zo ɗaya, sai da kyar.

Sai dai a ganina, dutsen da aka samu ta wannan hanya yana da babban aibi, domin ruwan sama bai taɓa dukansa ba. Kife hoton, kwari ya koma tudu, ba za ka ga bambanci ba. A ƙasa kuwa ruwa yana zaizaye tudu, ya kwashe yashi ya shimfiɗe a kwari, ƙoramu su haɗu su zama kogi. Shi ya sa a 1989 Ken Musgrave da abokan aikinsa suka koya wa kwamfuta zubo ruwan ƙarya a kan dutsen, ya gangara yana ɗibar ƙasa. Ɗalibin Zariya ya dubi Dutsen Kufena, wanda zafi da ruwa suka daɗe suna saɓule fatarsa falle-falle har bayansa ya yi sumul. Ƙuri'ar kwabo ba za ta ba shi wannan siffa ba, komai yawan jifa.