Barcin Yara Ƙanana da Nauyin da ke Kan Iyaye

 

Akwai wani kuka da ya yawaita a bakin iyaye da malaman makaranta, watau yaro ɗan shekara uku zuwa biyar ba ya zama wuri ɗaya, ba ya sauraron magana, abin da aka biya masa yanzu kafin a jima ya manta. Galibi akan ce ƙiriniya ce, maganinta kuwa bulala. Amma kafin a kai hannu ga bulala ya kamata a binciki lokacin da yaron nan ya kwanta jiya.

Babba idan barci bai ishe shi ba sai ya yi ta gyangyaɗi. Ƙaramin yaro kuwa sau da yawa akasin haka yake yi: sai ya ƙara tsalle-tsalle da rigima da saurin kuka. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ɗan shekara 3 ko 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana guda, har da na rana, kuma kallon talabijin ko waya kada ya wuce awa ɗaya. To, wanda ya kwanta ƙarfe 11 aka tashe shi ƙarfe 6, awa 7 kurum ya samu.

Musulunci ya riga ya tsara dare. A cikin Suratun Naba'i Allah Ya lissafa barci cikin ni'imominSa, Ya sanya shi hutu, Ya sanya dare sutura. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a tsare yara a gida idan almuru ta yi. Sun kuma ruwaito daga Abu Barzata cewa yana ƙin hira bayan sallar lisha. Wannan ladabi manya ne aka fuskanta da shi, domin yaro ba shi ke kunna talabijin ba, ba shi ke tara hira a tsakar gida ba.

Likitoci ma nan suka dosa. A shekarar 2011 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara cewa ɗan shekara 4 ko 5 mai lalurar rashin natsuwa a fara da koyar da iyayensa hanyar tafiyar da shi kafin a kai ga ƙwayar magani. Abin da ake koya musu ba mai tsada ba ne. A tsayar da lokacin kwanciya ɗaya kullum, a bi tsari ɗaya: abinci, wanka, addu'a, a rage haske da hayaniya. Umurni ya zama gajere, ɗaya bayan ɗaya, ana duban idonsa. Idan ya yi daidai a yaba masa nan take. Uba kada ya warware abin da uwa ta ɗaura, haka nan kaka, wadda sau da yawa ita ce mafakar mai gudun shimfiɗa.

Sa'an nan ɗura wa yaro maganin mura domin ya yi barci ganganci ne da amanar Allah. Wanda kuwa ke minshari mai ƙarfi kowane dare, ko numfashinsa ke sarƙewa cikin barci, ko rashin natsuwar ya ci gaba bayan barcinsa ya daidaita, wannan sai a kai shi ga likita.