Darasi Daga Mayafin Manzon Allah

Ƴan uwa Musulmi, Anas ɗan Malik (R.A.) ya ruwaito cewa wani balaraben ƙauye ya fizgi mayafin Annabi (S.A.W.) har gefensa ya yi masa shaida a wuya, yana neman a ba shi dukiya. Annabi ya juyo, ya yi dariya, ya yi umarni a ba shi. A fahimtarmu, kaushin zaman daji da buƙata ya gani, ba ƙiyayya ba. Nana A'isha ta shaida bai taɓa ramuwa domin kansa ba, sai in an keta iyakokin Allah.

Mu fa? Maƙwabci ya wuce mu a ƙofar masallaci bai amsa sallama ba, sai mu ƙaurace masa, har mu canza sahu. Ba mu bincika ba, alhali wataƙila rumbunsa ya ƙare tun kafin damina, ko ɗansa na kwance gidan likita.