Gwajin fom ɗin salula: yadda ake rubuta abin da aka gani

Kafin a raba wa mataimakan kiwo na Agye, Gazawa da Gidan Rumji fom ɗin rahoton cutar bisashe a cikin salula, ko na KoboCollect ne ko EMA-i ta hukumar FAO, sai an gwada shi a hannunsu. Cutar PPR, wadda duniya ke son kawarwa nan da 2030, tana saurin bin garken awaki da tumaki. Idan fom ya rikita mai cikawa, rahoto zai makara, ko ya iso da lissafin da ba daidai ba.

Ba sai an tara jama'a ba. A shekarar 2000 Jakob Nielsen ya nuna cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin manhaja. Ku je mutum biyu, ɗaya ya ba da aiki, ɗaya ya riƙe biro. Aikin ya zama na gaske: "Awaki 12 suna zawo da majina, 3 sun mutu, aika rahoto." A roƙi mai gwajin ya riƙa faɗin abin da yake tunani, a kuma gaya masa fom ake gwadawa, ba shi ba.

Raba takardarka gida huɗu: lokaci, abin da ya yi, abin da ya faɗa, sai abin da kake zato. Nan ne akasari ake kuskure. "Bai gane tambayar ba" zato ne. Abin da ka gani shi ne ya tsaya daƙiƙa 40, ya koma baya sau biyu, ya sa 12 a gurbin waɗanda suka mutu. Wannan za ka rubuta, domin wataƙila ya gane sarai, hasken rana ne ya hana shi ganin rubutun. Maganarsa kuma a rubuta ta da kalmominsa. In ya ce "ina huhu?" alhali fom ya rubuta PPCB, ka samu gyara a kyauta. Kada ka yi saurin taimaka masa, ko da yake hannu kan yi ƙaiƙayi. In dole ta sa ka taimaka, rubuta cewa ka yi.

Sanya alamomi sai an tashi, amma a ranar. Kaɗan sun isa: K don kalmar da ba a gane ba, H don ɓatan hanya cikin fom, L don lissafi, N don na'ura, wato rezo, batir ko allo. Kowace matsala a ba ta nauyi daga 1 zuwa 3, kuma 3 na abin da ke ɓata rahoto ne ko ya hana aika shi. Ku biyun kowa ya sa nasa alamomi shi kaɗai, sannan ku kwatanta. Inda kuka saɓa, ku koma ga abin da aka gani.

Wani abin ba zai shiga ko ɗaya ba. Makiyaya da yawa ba sa son faɗin adadin shanunsu, mataimakin kiwo kuwa ya san haka, sai ya tsallake tambayar ko ya sa adadi da ka. Wannan ba laifin maɓalli ba ne. Buɗe masa sabuwar alama, T don tambayar kanta, ku kai wa likitan dabbobi na gunduma ya duba ko za a nemi ƙiyasi, kamar "ƙasa da 20" ko "20 zuwa 50".