Mashin Ya Mutu a Hanya: Kada Ka Sayi Kwayil Tukuna

Wani ɗan kabu-kabu daga Wurogauri, can yankin Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi, ya aiko da kukansa. Yana cikin tafiya da buhun shinkafa a baya, mashin ya mutu tamkar an murɗe makulli. Ya buga kik har ƙafa ta gaji. Bakanike ya canza fulogi, ya canza CDI, mashin ya tashi, bayan 'yan kwanaki ya sake mutuwa. Yanzu an ce masa kwayil ne, ya kawo kuɗi.

Malam, sannu da wahala. Riƙe kuɗinka tukuna. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, Naira kuma ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su daga Indiya da Sin sun yi tsadar da bai kamata a riƙa sayensu bisa cinta ba. Abin da ake yi wa mashinka kuwa cinta ce, a canza wannan a gwada, in bai yi ba a canza wancan.

Yadda ya mutu ya riga ya ba mu labari. Mashin da mai ya yanke wa yakan yi tari, ya yi fizge-fizge, ƙarfinsa ya ragu kafin ya tsaya. Wanda wuta ta yanke wa kuwa ɗif yake yi lokaci guda. Duk da haka a leƙa tanki, a juya makunnin mai zuwa rizab, don ba a rasa wanda ya kwance rabin mashin alhali tankinsa ne ya bushe.

Manomin fadama in ruwa bai isa kuyya ba, ba ya zuwa kasuwa sayen sabon inji. Tiyo yake bi daga bakin rijiya har ya ga inda ruwan ya tsaya. Wutar mashin ma haka ake binta, kuma matakin farko ba ya buƙatar ko sufana. Kunna makulli, ka dubi koren fitilar nutural, ka danna hon. In duk sun yi shiru, matsalar tana tsakanin batir, fiyus da makulli. In hon ya yi ƙara sosai amma inji ya ƙi tashi, sai a koma ɓangaren da ke ba fulogi wuta.

Sai dai mashina iri biyu ne a nan. Da yawa daga cikin na Sin da suka cika garuruwanmu an kwaikwayo su ne daga Honda CG125, wadda kamfanin Honda na Japan ya fitar a 1975 don ƙasashe irin namu. A irin wannan tsari, CDI daga magnito yake samun wuta kai tsaye, shi ya sa za ka ga mutum ya shekara yana hawa babu batir, kik kawai yake bugawa. Wasu sababbin kuwa CDI ɗinsu daga batir yake sha, fiyus na ƙonewa inji ya mutu nan take. Mai mashin ya fi kowa sanin nasa: in ka taɓa yawo da mataccen batir inji yana tashi, naka na farkon ne, kuma sabon batir ba zai warkar da wannan cutar ba.

Mu ɗauka komai ya yi shiru. Buɗe murfin gefe. Fiyus yana cikin ɗan gidansa a kan jar wayar da ta fito daga batir, yawanci mai amfiya 10 ko 15. Ɗaga shi ka kalli haske. In zaren ciki ya tsinke, sa wani mai lamba ɗaya da shi. Fiyus yakan mutu don tsufa da girgizar hanya, to sabo zai zauna lafiya. In sabon ya ƙone nan take, wata waya ce ta saluɓe tana taɓa ƙarfe. A nan ne mutane ke yin kuskuren da ya fi kowane tsada, su naɗe fiyus da takardar kwalin sigari mai ƙyalli ko su ɗaure shi da zaren waya. Aikin fiyus shi ne ya ƙone a madadin wayarin. In ka hana shi ƙonewa, wayoyin ne za su narke, kuma a ƙarƙashin tankin fetur suke bi.

Wayar da ta saluɓe, a fara nemanta a wuyan mashin, inda damin wayoyi ke lanƙwashewa duk lokacin da aka juya kai. Kunna makulli, ka juya kan dama da hagu a hankali kana kallon koren fitilar. In tana ƙiftawa, ka kama ɓarawon. Bayan wuya sai ƙarƙashin kujera da inda tanki ke danne waya. Sannan duk wani abu da aka ƙara bayan an sayo mashin, cajar waya ce, fitilun ado ne, sifika ce ko na'urar ƙararrawar ɓarayi, a cire shi a gwada. Na'urar ƙararrawar nan ita na fi zargi, domin a kan wayar kashe inji ake haɗa ta, in ta lalace sai ta riƙe inji a kashe.

Kan batir ma a taɓa shi da hannu. In noti ya saki, ko farin gari ya taru a kai, a kwance (a fara da ɓangaren da ke da alamar ragi), a kankare, a ɗaure. A bi wayar da ta tafi jikin firam, domin ta nan wuta ke komawa gida. Tsatsa a noti guda da ya ɗaure ta a firam tana iya kashe mashin gaba ɗaya, kuma damina ce lokacinta, musamman ga mai ratsa ruwa zuwa gonar fadama ko mai wanke mashin a bakin gulbi.

Ƙwan fitila mai bolt 12 da aka haɗa wa waya biyu ya isa kayan aiki. Ɗaya a jikin ƙarfe, ɗaya kana taɓa batir, bayan fiyus, shigar makulli, fitar makulli. Inda ƙwan ya daina kamawa, nan wutar ta tsaya. Mai mita kuma zai ga lafiyayyen batir a wajen 12.6 inji na kashe. Ƙasa da 12 ya yi rauni.

Yanzu zuwa ga naka, Malam, don ina kyautata zaton hon ɗinka yana ƙara. Kwance fulogi, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji, nesa da ramin fulogin da duk inda fetur ya zuba. Riƙe ta wajen roba, wani ya buga kik, a inuwa don a gani. Tartsatsi shuɗi mai ƙara tas-tas lafiya ne. Ja mai rauni ko babu gaba ɗaya, sai a gwada wani fulogin, sannan a murɗe hular daga wayarta, a yanke ɗan bakin wayar da ya ci, a mayar. Hular nan tana tsagewa, ruwa ya shiga, kuma kuɗinta bai kai rabin na kwayil ba.

In har yanzu babu tartsatsi, akwai wayar da ya kamata bakanikenka ya fara da ita kafin ya taɓa CDI. A mashinan da ke bin launin Honda, baƙa ce mai ratsin fari. Aikinta kashe inji: in ka murɗe makulli, ita ce ke haɗa CDI da ƙarfen mashin sai wuta ta ɗauke. To in ta saluɓe a wuya, ko ƙura da laima sun cika cikin makullin, za ta kashe inji kana tsakiyar gudu, daidai yadda ka kwatanta. A zare ta daga soket ɗin CDI a buga kik. In wuta ta dawo, CDI da kwayil duk ba su da laifi. Bajaj da TVS launin wayoyinsu daban ne, sai a nemi wanda ya san su.

Me ya sa sabon CDI ya yi aiki na 'yan kwanaki? Sau da yawa ba sabon ne ya gyara ba. Zare soket da mayar da shi ya goge tsatsar bakin, ko jan wayoyin ya ɗaga saluɓaɓɓiyar daga jikin ƙarfe, girgizar hanya kuma ta mayar da ita. Ka karɓo tsohon CDI ɗinka, ka roƙi abokin sana'a mai irin mashinka ya sa a nasa. In ya tashi, ka san inda kuɗinka suka tafi. Haka za ka yi da kwayil ɗin: a ara a gwada kafin a saya. Bakaniken da ya ƙi wannan, canza shi.

Akwai wata alama da za ka lura da ita. In mashin yana mutuwa ne bayan ya yi zafi, ya huta rabin awa ya tashi kamar ba shi ba, to zargi ya koma kan naɗin wayar da ke cikin magnito ko kwayil. Zaren tagulla da ya tsinke a ciki yana rabuwa in ya ɗumama, ya haɗe in ya huce. Zafin bazarar Kebbi, da ke haura digiri 40 a Afrilu, yana tono irin wannan. Gwajin tartsatsi sai a yi shi a daidai lokacin da ya mutu. In ka bari ya huce ka tura shi gareji, lafiya lau za a gan shi.

Wannan mataki na mai mita ne, kuma ya cancanci tafiya Birnin Kebbi ko Jega wajen rewaya. Ka ce ya auna caji ma: inji na gudu, batir ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In ya wuce 15, rektifaya ta lalace, ita ce ke ƙona ƙwayayen fitila tana ƙafar da ruwan batir. In bai motsa daga 12 ba, caji ba ya shiga, sabon batir ma zai mutu.

In ta kai ga buɗe magnito, ka tsaya a wajen. Akwai abin zaro shi na musamman mai zare, kada ka yarda a sa guduma da kurfi, don duka yana raunana maganaɗisun ciki, yana kuma iya lanƙwasa bakin kiranshaf. Kafin a rufe, a duba ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai siffar rabin wata da ke zaunar da magnito a gurbinsa. In ya karye, za a ga tartsatsi shuɗi a fulogi amma ba a kan lokacinsa ba, injin kuma ba zai tashi ba ko da an canza kwayil.